Dokar Kashe Kaji da Haƙƙin Mai Kiwo

A ran 8 ga Fabrairu, 2006, aka bayyana wa duniya cewa murar tsuntsaye, nau'in H5N1, ta ɓulla a gonar kaji ta Sambawa da ke Jaji, cikin Jihar Kaduna. Wannan shi ne karo na farko da aka tabbatar da ita a nahiyar Afirka. Tun cikin Janairu kajin suka fara mutuwa, amma sai da aka kai samfuri cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, daga can kuma aka aika birnin Padova na ƙasar Italiya, kafin a sami tabbaci. Kusan wata guda ke nan ƙwayar cuta tana yawo ba mai tare ta.

Dokar hana yaɗuwar cututtukan dabbobi ta 1988, wadda aka sabunta a 2022, ta wajabta wa mai kiwo ya kai rahoto, ta kuma ba likitocin dabbobi ikon killace gona da hallaka abin da ke cikinta. Babu shakka hujjar kimiyya tana bayan wannan doka. Ƙwayar cutar tana bin kashin kaji, da takalmin ma'aikaci, da kwandon dillali, da tayar mota. Kazar da ake gani garau da safe tana iya ɗauke da ita.

To, amma doka ba ta ganin abin da ke cikin akurki. Matar aure a Unguwar Mu'azu mai kaji talatin a bayan ɗaki, wadda da kuɗin ƙwai take sayen littattafan 'ya'yanta, ita ce za ta fara ganin kaza ta yi sukuku, tukkunta ya yi shuɗi. In ta san rahoto zai jawo mata asara, sai ta kira mai yanka kafin gari ya waye, kajin su shiga kasuwa. A 2006 Naira 250 gwamnati ta fara yanka wa kowace kaza, kuɗin da bai kai farashinta ba, sai daga baya aka ƙara.

Saboda haka diyya ba sadaka ba ce, kuɗin sayen labari ne da wuri. Ya kamata a biya ta daidai da farashin kasuwa, cikin makonni, ba tare da an nemi takardar rajistar gona daga wadda jarinta bai wuce akurki ɗaya ba.