RA'AYINMU: Wa Ya Biya, Kuma Wa Aka Nufa?

 

A ranar 21 ga watan Mayun 2016, ƙungiyoyin mutane biyu suka yi cirko-cirko a bakin wata cibiyar Musulunci da ke tsakiyar birnin Houston na Jihar Texas a ƙasar Amurka, waɗannan a wannan gefen titi suna zagin Musulunci, waɗancan a wancan gefen suna kare shi. Kowane ɓangare ya fito ne saboda gayyatar da ya gani a Facebook. Sai a watan Nuwamban 2017 ne kwamitin Majalisar Dattawan Amurka mai kula da harkokin leƙen asiri ya bayyana wa duniya cewa shafukan biyu da suka yi gayyatar, da na masu zagi da na masu kariya, duk hannu ɗaya ne yake juya su daga birnin St. Petersburg na Rasha. Shugaban kwamitin, Sanata Richard Burr, ya ce abin da aka kashe wajen haɗa wannan husuma bai wuce kimanin dala 200 ba.

Mun kawo wannan labari ne domin 'yan'uwa su ga irin makamin da muke magana a kansa. Talla ce da ake biyan kuɗinta a ɓoye, a aika wa mutanen gari ɗaya ko unguwa ɗaya, su kaɗai su gani. Masu wannan sana'a suna da kalmominsu, dokokin kuɗin yaƙin neman zaɓe su ma suna da nasu, kuma a tsakanin kalmomin nan ne ɓarna take samun kafar shiga. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Saboda haka wajibi ne mu san waɗannan kalmomi da harshenmu.

Ta farko ita ce tallan yanki. Mai talla yakan gaya wa kamfanin intanet cewa kada a nuna saƙonsa sai ga mutanen jiha kaza, ko gari kaza, ko waɗanda ke cikin tazarar kilomita kaza daga wani wuri. Kamfanin yana gane inda mutum yake ta hanyar na'urar nuna wuri da ke cikin wayarsa, da layin intanet ɗin da yake hawa, da adireshin da shi da kansa ya rubuta. A kan kansa wannan ba laifi ba ne, domin ɗan takarar kansila ba shi da dalilin yi wa ƙasa duka talla. Amma Facebook ya amsa a watan Satumban 2017 cewa cikin tallace-tallace kusan 3,000 da 'yan Rasha suka saya a kan kuɗi kimanin dala 100,000, kusan kashi ɗaya cikin huɗu an saita su ne ga wasu yankuna na musamman.

Ta biyu ta fi wannan haɗari, ita ce shingen taswira. A nan ana zana da'ira ne a kan taswira kewaye da gini guda, kamar asibiti ko makaranta ko wurin ibada, duk wayar da ta shiga cikin da'irar sai a ɗauki lambar da masu talla ke gane ta da ita, a bi mai ita da saƙo har ɗakinsa. Gabanin zaɓen Amurka na 2020, wata ƙungiyar siyasa mai suna CatholicVote ta yi alfahari da cewa ta gano mutum kusan 200,000 a Jihar Wisconsin waɗanda suka je coci aƙalla sau uku cikin kwana 90. Abin da aka yi wa coci babu abin da zai hana a yi wa masallacin Juma'a. Hasali ma a watan Nuwamban 2020 aka fallasa cewa bayanan wurin masu amfani da manhajar Muslim Pro, wadda miliyoyin Musulmi ke duba lokutan salla da ita, suna isa hannun wani kamfanin dillancin bayanai mai suna X-Mode, wanda yake ciniki da 'yan kwangilar sojan Amurka. Masu manhajar sun ce sun yanke hulɗa da shi, kuma a watan Janairun 2024 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta hana kamfanin sayar da bayanan ziyarar wuraren ibada da makamantansu.

Ta uku ita ce tankaɗe da rairaya, wato a haɗa inda mutum yake zaune da shekarunsa da sana'arsa da abin da yake karantawa, a ware shi cikin ƙaramin rukuni, sa'an nan a tsara masa maganar da za ta taɓa zuciyarsa. Daga nan ne ake samun abin da za mu kira tallan raɗa, wanda ba ya bayyana ga kowa sai wanda aka nufa. Da can, ɗan siyasa idan ya hau dandamali ko ya shiga rediyo, kowa yana jinsa, abokin hamayya ya mayar masa da martani, ɗan jarida ya kama shi idan ya yi ƙarya. Yau kuwa yana iya faɗa wa wannan unguwa fari, ya faɗa wa waccan baƙi, a rana ɗaya, babu wanda ya san abin da aka raɗa wa maƙwabcinsa. Wannan shi ne baki biyu, sai dai an ɗora shi a kan na'ura.

To, ina doka take? A nan ne kalmomi suke yin aikinsu. Tun a 1976 Kotun Ƙolin Amurka ta bambanta tsakanin kira ƙarara, wato tallan da ya ce a zaɓi wane ko a kayar da wane, da tallan batu, wanda yake magana a kan baƙi ko addini ko haraji ba tare da ya ce a zaɓi kowa ba. Na farkon ne doka ta fi riƙe wa wuya. Dokar 2002 ta faɗaɗa tarkon ya kama tallan rediyo da talabijin da ya ambaci ɗan takara cikin kwana 60 kafin babban zaɓe, amma ba ta ambaci intanet a wannan sashe ba. Shi ya sa Facebook ya ce mafi yawan tallace-tallacen 'yan Rashan nan ba su ambaci zaɓe ko ɗan takara ba. Sun san inda ragar take da huji.

Sa'an nan a 2010, a shari'ar Citizens United, kotun ta buɗe wa kamfanoni da ƙungiyoyi ƙofar kashe kuɗi ba iyaka, muddin sun ce don kashin kansu suke yi, ba da haɗin bakin ɗan takara ba. Wasu daga cikin ƙungiyoyin nan doka ba ta tilasta musu bayyana masu ba su gudummawa ba, shi ne Amurkawa da kansu suke kira kuɗin duhu. Ga talla ta raɗa, ga kuɗi na duhu. Wa zai bi sawu?

An yi ƙoƙarin gyara. A 2018 Facebook ya fara liƙa shaidar mai biya a jikin tallan siyasa, ya kuma buɗe rumbun talla inda ake ajiye su shekara 7 kowa ya duba. A 2019 Google ya taƙaita saita tallan zaɓe ga shekaru da jinsi da yanki kawai. Tarayyar Turai ta fi kowa nisa da dokarta ta 2024, wadda ta fara aiki sosai a ranar 10 ga Oktoban 2025. Ta haramta amfani da addinin mutum ko ƙabilarsa wajen nufarsa da tallan siyasa, ta kuma hana 'yan waje biyan talla wata uku kafin zaɓe. Maimakon su bi, sai kamfanonin Meta da Google suka daina karɓar tallan siyasa a ƙasashen Tarayyar baki ɗaya. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Kada ɗan'uwa ya ce wannan matsalar Turawa ce. A watan Maris na 2018 jaridun Ingila suka fallasa cewa wani attajiri ya ɗauko kamfanin Cambridge Analytica domin zaɓen Nijeriya na 2015, aka kuma yaɗa wani bidiyo mai cike da zubar da jini domin tsorata mutane da Muhammadu Buhari da sunan Shari'a. A ƙasar da kowa ya san wace unguwa ce ta Musulmi, wace ce ta Kirista, wanda ya saita talla ga unguwa ya saita ta ga addini ko da bai ambaci addini ba. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ƙayyade wa ɗan takarar shugaban ƙasa naira biliyan 5, na gwamna biliyan 1, mai ba da gudummawa kuma naira miliyan 50. Tsarin Mulkin 1999 ya hana jam'iyya riƙe kuɗin da aka aiko mata daga waje. Amma idan wani shafi da ya kira kansa na masoya ya biya wani kamfanin ƙasar waje da dala, a littafin wa za a rubuta wannan kuɗi?

Saboda haka muna kira ga Majalisar Tarayya da hukumar zaɓe ta INEC da su fayyace ma'anar tallan siyasa na intanet a cikin doka, ta yadda zai haɗa da tallan batu da wanda 'yan kanzagi suka biya, su kuma wajabta bayyana mai biya da adadin kuɗi da yankin da aka nufa. Muna kira ga hukumar kare bayanan jama'a, wadda dokar 2023 ta kafa, da ta hana kewaye masallatai da coci-coci da shingen taswira, tun da dokar ta lissafa addinin mutum cikin bayanan da ke buƙatar kariya ta musamman.

Mu kuma 'yan'uwa, maza da mata, akwai namu aikin. Mu rufe na'urar nuna wuri ga duk manhajar da ba ta da buƙatarta. Idan saƙo ya zo mana yana tafasa zuciya a kan wata ƙabila ko wani addini, mu dakata, mu nemi sunan wanda ya biya, mu tambayi dalilin da ya sa aka zaɓe mu, mu binciki abin da aka faɗa wa na ƙetaren titi, kafin mu tura wa kowa. Mutanen Houston da suka fito ran nan, kowannensu ya ɗauka don kishin kansa ya fito, alhali kuwa wani ne can nesa ya saye fushinsa da dala 200.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta. Wassalam.