Kwafar bayanin manhaja: Canza wa tuwo suna ba ya mayar da shi waina

Kwanakin baya wani matashi ya nuna mini manhajar da ya ƙirƙira domin manoman shinkafa na fadamar Zauro, wadda za su riƙa rubuta lissafin taki da man injin ban-ruwa a cikinta. Aikin ya burge ni. Da na karanta bayanin da ya rubuta a kanta kuwa, sai jikina ya yi sanyi. Ya amsa cewa bayanin wata manhajar waje ya kwafo, ya zuba shi a QuillBot ya sauya kalmomin, sannan ya juya shi zuwa Hausa.

A wuri ɗaya bayanin ya ce manhajar tana lissafa "bashi", a gaba ya ce "aro", can ƙasa kuma "tallafi". Shi a ganinsa duk ɗaya ne. Manomi kuwa ya san bambancinsu. Aro shi ne ka karɓi injin maƙwabci ka mayar masa da abinsa. Rance ka karɓi kuɗi ko buhun taki ka biya kwatankwacinsa. Tallafi ba a biya.

Mu a Kebbi mun ga abin da wannan bambanci yake haifarwa. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers na Babban Bankin Najeriya a watan Nuwamban 2015. Rance ne, amma a bakin jama'a da dama ya koma "tallafin Buhari", kuma karɓo kuɗin ya zama jan aiki. Ba kalmar kaɗai ta jawo haka ba, sai dai ta taimaka.

Turawa ma ba su tsira ba. A 2021 wani masanin kwamfuta ɗan Faransa, Guillaume Cabanac, da abokan aikinsa suka bankaɗo takardun bincike da aka wallafa cike da irin wannan sauyi. Inda ya kamata a ce ƙirƙirarriyar basira, sai aka tarar da abin da ke nufin "hankalin jabu". Masu takardun sun so ɓoye satar rubutu ne, kalmomin da suka sauya suka tona musu asiri.

Na san uzurin matasanmu: Turanci yana ba su wuya, rubuta bayani yana cin lokaci, kuma ai manhajojin duk kama suke yi. Amma kama da wane ba wane ba ne. Bayanin manhaja alƙawari ne tsakaninka da mai saukewa. Idan wanda ka kwafo ya ce tasa tana aiki ba intanet, ko ba ta taɓa lambobin da ke cikin waya, ka ɗauki alƙawarin da ba lallai taka ta cika ba. Dokokin Google Play sun hana bayani mai yaudara, kuma ana iya cire manhaja a kan haka.

Gyaran ba shi da wuya. Google Play haruffa 80 kacal yake ba ka na gajeren bayani, 4,000 na dogon. Ka rufe shafin wancan, ka amsa tambaya uku: me manhajar take yi, wa aka yi wa ita, me take ɗauka daga wayar mutum? Kalmar da ka zaɓa wa abu, ka riƙe ta har ƙarshe. Maimaici a nan ba aibi ba ne.

Malamanmu na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da ta Aliero, da Kwalejin Waziri Umaru su ma da nasu. Muddin abin da ake dubawa shi ne ko rubutu ya tsallake manhajar kama sata, ɗalibi zai ci gaba da koyon dabarar tsallakewa. A sa shi ya bayyana aikinsa da baki, da Hausa.

Shi matashin nan na ce ya je kasuwar Ambursa ya karanta wa manoma biyar bayaninsa. Duk inda suka ce "me kake nufi?", nan ne zai fara gyara.