Mai zanen gini ya bar aiki, ina makomar sunansa?

A Nijar akwai ƙungiyar masu zanen gine-gine, wadda ke riƙe da kundin sunayen waɗanda aka amince su zana taswirar gini su sa hannu. Shiga kundin kowa na murna da ita, amma fita fa? In mutum ya yi ritaya ko ya ƙaura wata ƙasa ya daina aiki a nan, kamata ya yi ya sanar a cire sunansa.

Me ya sa? Sa hannu ɗaukar alhaki ne. In suna ya zauna cikin kundi alhali mai shi ba ya nan, wani na iya fakewa da tambarinsa ya zana abin da ya ga dama. Ranar da bango ya tsage, wa za a kama?

Damanar 2024 ta koya mana darasi: ambaliya ta rusa dubban gidaje, har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi. Gini ba wasa ba ne.

Ba a ce tafiya laifi ce ba. Mariam Issoufou na koyarwa a Zurich, ga kuma aikinta tsaye a Dandaji cikin jahar Tawa. Abin nema shi ne a san wanda ke bakin aiki.

Don haka, 'yan uwa na Kano, Kwatano ko Faransa masu turo kuɗin gini: kafin a zuba tubali, ku tambaya ko mai sa hannun na cikin kundi har yanzu, kuma ko zai taka ƙafa wurin aikin.