Makomar Kayan Hukuma Bayan Sun Gama Aiki

Akwai wata magana da ta daɗe da zama a bakin jama'a, wai dukiyar gwamnati ba ta kowa ba ce. Babu inda wannan magana ta fi bayyana kamar bayan ofisoshi. Duk wanda ya zagaya harabar wata ma'aikata a Birnin Kebbi ko Argungu, kamar dai sauran garuruwan Arewa, da wuya ya rasa ganin mota an ɗora ta a kan bulo, tayoyinta sun yi nasu wuri, ko tarakta da ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinta, ko tarin kujeru da tebura a ƙuryar sito suna jiran gara. Waɗannan kaya da kuɗin jama'a aka saye su. Ranar sayensu an yi taro, an yi jawabi, an yanka kyalle. Ranar da suka gama aiki kuwa ba wanda ya ji labari. Abin tambaya shi ne, ina ya kamata irin waɗannan kaya su nufa, kuma wa ya fi cancanta ya amfana da su?

Mutanen Argungu sun taɓa amsa wannan tambaya, kuma amsarsu tana nan tsaye kusa da babbar kasuwar garin. A shekarar 1942 aka gina wa Sarkin Kabi sabuwar fada, ya tashi daga tsohuwar da sarakuna suka zauna tun ƙarni na goma sha tara. Ga gida babba a tsakiyar gari, a wurin da kowane attajiri zai so ya kafa rumfuna, kuma aikin da aka gina shi dominsa ya ƙare. Ba a sayar da shi ba, ba a kuma rushe shi ba. A shekarar 1958 aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi, aka sa masa sunan Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a ƙarni na goma sha shida. A cikinsa aka tara masu da takubba da baka da kibau da bindigogi da tambura da layun yaƙi na Kabawa, ta yadda ɗan makaranta da baƙon da ya zo bikin kamun kifi za su ga da idonsu abin da a da sai dai su ji a bakin tsofaffi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Mai gardama zai ce ai kaburburan sarakuna da ke cikin gidan su suka kare shi, domin ba wanda zai yi ƙarfin halin kaɗa wa makwancin sarakunan Kabi ƙararrawar gwanjo. Wannan gaskiya ne. Amma kaburbura sun hana sayarwa ne kurum. Ba su ne suka mayar da gidan makarantar tarihi ba. Da an so, da an kulle ƙofa an bar damina ta yi aikinta a kan ginin ƙasa. Abin da ya faru shi ne an sami waɗanda suka zauna suka tambayi kansu wane amfani ne ya rage a wannan wuri, kafin su tambayi nawa zai yi a kasuwa. Wannan jerin tambayoyi, amfani tukuna sannan farashi, shi ne ya kamata ya zama ka'idar kowace hukuma, ko gida ne ko mota ko injin ban-ruwa.

Abin mamaki, doka ba ta hana haka ba. Dokar sayen kayan gwamnati ta Tarayya ta shekarar 2007 ta keɓe sashe guda domin rabuwa da kayan hukuma. Ta ce kafin a fitar da kaya sai an sa masani mai zaman kansa ya ƙiyasta darajarsu a rubuce. Ta ce hanyar farko ta karɓar tayi ita ce gasa a fili, kowa ya taya. Sa'an nan ta lissafa hanyoyin rabuwa da kaya: sayarwa, ba da haya, gwanjo, da kuma mayar da kaya daga wannan ma'aikata zuwa waccan, da biya ko ba biya. Wannan doka ta hau kan hukumomin Tarayya da ke zaune a jihar, irin su Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru. Jiha da ƙananan hukumomi kuwa suna da nasu ka'idojin kuɗi da na sito. A ko'ina tsarin ya yi kama: a naɗa kwamiti ya duba kaya, ya tabbatar sun gaza, a yanka musu farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba, a yi shela, a sayar, kuɗi su shiga baitulmali, a soke sunan kayan daga rajista. Hanyar nan ta ƙarshe, wato miƙa wa wata ma'aikata, ita ce mafi sauƙi kuma ita ce aka fi mancewa da ita, watakila domin babu abin da ke faɗowa a aljihun kowa.

Ɓarnar da ta fi yawa ba a ranar gwanjo ake yinta ba, a shekarun jira ne. Jami'i mai gaskiya yakan ji tsoron taɓa tsohuwar mota, don kada mai binciken kuɗi ya zo ya ɗora masa laifi, sai ya ga gara ya bar ta inda take har a yi masa canji. Mara gaskiya kuwa jinkirin riba ne gare shi. Motar da famfon mai kaɗai ya hana ta tashi, in ta shekara uku a rana da ruwa, yau a kwance batir, gobe fitila, jibi giya, sai ta zama gangar jiki. A lokacin ne kwamiti zai zo, ya rubuta abin da ya gani, ba tare da ya yi ƙarya ba, cewa wannan sai 'yan gwangwan. A ƙarshe a auna ta da kilo. Takardu sun cika, sa hannu ya cika, dukiya ta salwanta.

Kwarin Rima ya taɓa ganin babban gwanjo. A ƙarshen shekarun 1980 gwamnatin Janar Babangida ta taƙaita aikin hukumomin raya koguna, har da ta Sakkwato da Rima, ga sha'anin ruwa kawai, ta cire hannunsu daga noma. Bayan dokar sayar da kamfanonin gwamnati ta 1988, kwamitin da Dokta Hamza Zayyad ya shugabanta ya ɗauki nauyin sayar da kadarorinsu da ba su shafi ruwa ba, kamar gonaki da injuna da kayan noma. Ana iya kare dalilin yin haka, domin gwamnati ba ta nuna gwaninta a noma ba. Sai dai ciniki irin wannan na mai jari ne da mai labari. Manomin fadama, wanda dominsa aka ce an sayo kayan tun farko, ba shi da ko ɗaya. Kuma bukatar ba ta mutu ba: a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin rancen manoman shinkafa na Babban Bankin Nijeriya a watan Nuwamba na 2015, a Argungu kuma aka buɗe katafaren kamfanin casar shinkafa a 2017. Ƙasar da shinkafa ta zame mata arziki haka, bai dace a ce injin ban-ruwa ko tarakta yana ruɓewa a bayan ofis ba alhali ƙungiyar manoma za ta iya gyara shi ta mora.

Tsofaffin ma'aikata ba su manta da 1991 ba, lokacin da aka cire Jihar Kebbi daga Jihar Sakkwato, aka raba ma'aikata da kadarori, mutane suka sauko Birnin Kebbi suna neman ɗakin da za su ajiye fayil. A wancan lokaci babu teburin da ya tsufa. Ƙuncin da babban birni ya fita daga cikinsa har yanzu yana nan a makarantun ƙauye da ɗakunan shan magani. Kujerar da darakta ya raina, a wurin malamin firamare abin godiya ce. Injin da ya mutu murus, a makarantar koyon sana'a littafi ne, domin yaro ba ya zama makanike da zane a allo.

Abin da ya ƙi samun mai karɓa a cikin hukuma, to, a sayar, amma a fili. Hukumar Kwastan ta koma yin gwanjo ta intanet a 2017 domin rage haɗin baki, kuma yunƙuri ne mai kyau a nasa fagen. Sai dai tallar da ta tsaya a intanet ko a kusurwar jaridar Turanci ba ta isa kunnen direba a tashar Argungu ba. Shela da Hausa a gidan rediyon jiha, da takarda a ƙofar sakatariya da fadar hakimi makonni kafin ranar, ba za su ci kuɗin kirki ba. Haka kuma haɗa motoci goma a ƙulli ɗaya hanya ce ta korar mai ƙaramin ƙarfi ba tare da an ce masa ya tafi ba. A fitar da su ɗaya ɗaya. Waɗanda suka zauna a kwamitin ƙiyasi kuwa, da su da 'yan'uwansu da yaransu, bai kamata su taya ba, tun da ba a ba kura ajiyar nama.

Birnin Kebbi shi ne mazaunin Sarkin Gwandu, magajin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rubuta Liya'ul Hukkami domin nuna wa masu mulki amanar da ke wuyansu. A irin wannan gari bai kamata batun ya tsaya ga wa'azi ba. Majalisar Dokokin Jiha tana da ikon ta wajabta wa kowace ma'aikata da ƙaramar hukuma ta kawo, tare da kasafin kuɗinta na shekara, jerin kayan da suka daina aiki, da ranar da suka tsaya, da inda suke ajiye. Kayan da suka cika wata shida a wannan jeri, a aika da sunayensu ga Ma'aikatar Ilmi da ta Lafiya da ta Gona, a ba su wata biyu su zaɓa, ragowar kuma a sa ranar gwanjonsu kafin faɗuwar damina.