Ƙarfin da ka saya da jikka, ba naka ba ne

Wani abokin aikina ya ce mini in bar yara su yi Free Fire, wai wasan na koya musu dabara. Malam, da girmanka, ban yarda ba.

Na zauna da wani tsohon ɗalibina da ya zo hutu daga Dakoro, ya nuna mini yadda abin yake. Mutum hamsin ake saukewa a tsibiri, a yi ta harbi har a bar gwani. Kowane ɗan wasa na haɗa baiwa huɗu a jikin jaruminsa: ɗaya sai ya latsa take aiki, uku suna aiki da kansu. Yaron ya san lokacin durƙusawa, ya san lokacin kwanciya rub da ciki. Har na fara cewa a raina ko abokina na da gaskiya.

Sai muka zo kan kuɗi. A Disamban 2020 kamfanin Garena ya fito da jarumi mai suna Chrono, da siffar Cristiano Ronaldo. Garkuwarsa na tare harsashi, kai kuma kana harbi daga cikinta. Jama'a suka yi rububin sayensa da lu'ulu'u, lu'ulu'un nan kuwa da kuɗi na gaske ake sayensa. Daga baya kamfanin ya rage masa ƙarfi, har harbin daga ciki ya hana, wai don a daidaita wasa. Kuɗin wa aka mayar? Yaron nan ya gaya mini jikka biyar ya zuba a kan wani jarumin, daga kuɗin cimakarsa. Ubansa akuya ya sayar ya aika masa.

Ku dubi kokawa. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tahoua, wadda Kantu na Maraɗi ya cinye, ba wanda ya taɓa sayen tsayuwa. Dogo na kare ƙafarsa, gajere na neman shiga ƙasa, mai ƙiba na jira ka gaji. Daidaito a jikinsu yake, ba wanda zai kwana a ofis ya rage wa Issaka Issaka ƙarfin damtse.

Iyayen Azagor, kuna cewa gara waya da yawon banza. To, ku tambayi ɗanku nawa ya zuba wannan wata. Ni na tambayi nawa ɗan jiya da dare, ya sunkuyar da kai, har yanzu bai ba ni amsa ba.