Kowa Da Anybody

Ƴan kasuwar Sabon Gari na Maraɗi suna hulɗa da Najeriya kullum. Motocinsu suna bi ta Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina da Kano. A can, da Ingilishi ake rubuta takardun gwamnati da na banki. A Nijar ma, tun shekarar 2025, Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuwa harsunan aiki. Saboda haka Ingilishi ba abin rainawa ba ne ga ɗan lakwal na Maraɗi.

Akwai wata ƴar kalma ta Ingilishi mai kā da ƴan kwaleji, ita ce anybody. Waɗansu suna cewa sai ta Faransanci za a bi a koye ta. Wannan ra'ayi ba daidai ba ne. Hanyar Hausa ta fi kusa.

Ga dalili. Anybody tana da wurin zama uku. Na farko, cikin maganar korewa: "I did not see anybody", wato "Ban ga kowa ba." Na biyu, inda ba a ware wani ba: "Anybody can come", wato "Kowa yana iya zuwa." Na uku, cikin tambaya: "Is anybody at home?", wato "Akwai wani a gida?" Da Faransanci sai an nemo kalmomi uku daban: personne, da n'importe qui, da quelqu'un. Da Hausa kuwa, kowa ta ɗauki wuri biyu, wani ta ɗauki ɗaya.

Akwai wata kama kuma. Bahaushe yana cewa "kowa ya zo", ba ya cewa "kowa sun zo". Haka Ingilishi yake: anybody tana tafiya da is da has, kamar mutum guda, ba da are da have ba. Yaron da ya san nahawun Hausa ya riga ya san wannan doka.

Amma hanyar Hausa ma tana da rami. Kowa tana kuma nufin everybody, wato dukan mutane. A ce wani ɗan kasuwa ya karɓi albasa bashi daga manoman Jiratawa. Yana so ya gaya wa abokin cinikinsa na Kano: "Ban biya kowa ba." Ɗansa ya rubuta masa: "I did not pay everybody." Ma'anar wannan ita ce ya biya waɗansu, saura waɗansu. Na Kano zai aiko da rabin kuɗi, manoma su yi ta jira, amana ta lalace. Abin da ya kamata yaron ya rubuta shi ne: "I did not pay anybody."

Hanyar Faransanci tana da nata rami. Wanda ya saba da ne da personne yakan rubuta "I did not see nobody." Ingilishin makaranta ba ya karɓar korewa biyu tare. Ko dai not da anybody, ko kuma nobody ita kaɗai.

An buɗe lakwal ta gwaji ta farko a Damagaram cikin 1973, don yaro ya fara karatu da harshen da ya sha a nono, sannan ya hau wani harshe. Bai kamata a yar da wannan tsani a ƙofar kwaleji ba. Yaron Tibiri ko na Sabon Gari, in ya haɗu da anybody, sai ya fara tambayar kansa da Hausa: kowa ake nufi, ko wani, ko duka? In ya amsa wannan, sauran aiki kaɗan ne.

Tambayoyi

1. A wurare nawa ake amfani da anybody?
2. Mene ne bambancin "Ban biya kowa ba" da "Ban biya duka ba"?
3. Yaya za a ce "Ban kira kowa ba" da Ingilishi?