Na'urar Auna Iska Ba Ta Rantsuwa: Sai An Yi Mata Saiti

A manyan tashoshin lantarki akwai janaretocin da ake sanyayawa da iskar haidurojin. Iska ce mai saurin kwashe zafi, amma in ta gauraya da iskar da ake shaƙa, tsakanin kashi 4 da kashi 75 cikin 100, tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da gobara. Shi ya sa ake tsare tsarkinta sama da kashi 90 cikin 100, kuma mai gadin wannan tsarki wata 'yar na'ura ce da masana ke kira katarometa.

Yadda take aiki ba shi da wuyar fahimta. Siririyar waya ce ake zafafawa da lantarki a cikin wani ɗan kogo na ƙarfe, iskar da ake son aunawa tana ratsawa. Haidurojin ta ninka iskar shaƙa wajen sau 7 a kwashe zafi, hiliyam wajen sau 6, ita kuwa kabon dayoksaid ba ta ma kai iskar shaƙa ba. In wayar ta huce, turjiyarta ga lantarki sai ta ragu. Ana kwatanta ta da wata wayar da ke cikin sananniyar iska, bambancin nan shi allura ke nunawa.

To, a nan gizo ke saƙar. Na'urar ba ta san haidurojin ba, ba ta san sunan kowace iska ba. Hucewar waya kawai ta sani. Danshi ya shiga bututu, ko saurin iskar ya sauya, ko wayar ta tsufa, allura za ta ci gaba da nuna lamba ba kunya ba tsoro. Hasali ma, sai gaurayen iska biyu take iya warwarewa. Ta uku ta shigo, lissafi ya rikice. Mai nazarin numfashi ya san wannan sarai, domin iskar da mutum ke fitarwa tana ɗauke da kabon dayoksaid wajen kashi 4 cikin 100, amma jiƙe take da tururi, sai an busar da ita kafin awo.

Maganin shi ne saiti. Ana barin na'urar ta ɗumama, a tura mata iskar da babu abin da ake nema a cikinta, a mayar da allura kan sifiri. Daga nan a tura iskar silinda wadda aka tabbatar da yawan abin da ke cikinta, a gyara har lambar ta dace, sannan a koma kan sifirin a sake dubawa.

Akwai masu ganin wannan ɓarnar kuɗi ce, tunda silindar gwaji na da tsada, na'urar kuma ba ta nuna alamar ciwo ba. Wannan hujja ba ta da ƙwari, domin na'urar da ta kauce ba ta kuka. Saiti ne kaɗai ke tona ta.

Tushen sakacin, ko shakka babu, yana makarantun sakandare, inda ake koya wa ɗalibi karanta ma'auni ba tare da tuhumarsa ba. Malami ba ya buƙatar katarometa don gyara wannan. Ma'aunin zafi biyar da kofin ƙanƙara mai narkewa sun wadatar: kowanne ya kamata ya nuna sifiri, sai ɗalibai su rubuta nawa ne suka nuna, da ranar da aka duba.